Lita Nawa Babbar Mota Ke Sha?

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ta Birnin Kudu, ko ya ci kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, ya san hirar direbobi da masu motoci ba ta cika wuce abu uku ba: halin hanya, kuɗin lodi, da shan mai. Biyun farko kowa na ganinsu da idonsa, saboda haka gardama a kansu ba ta yin tsawo. Na ukun ne ake kai ruwa rana a kansa. Wani zai rantse cewa tirelarsa da cikakken lodi tana cin kilomita 5 da lita ɗaya ta gas, watau man dizal. Mai jif ya ce tasa tana yin 20. Dillalin motocin Kwatano kuwa ya ɗaga takarda ya nuna adadin da aka buga, ya ce ai ba faɗarsa ba ce, faɗar waɗanda suka ƙera motar ce.

A da ana iya ɗaukar wannan a matsayin hirar kashe lokaci, amma yanzu ta shafi tukunyar kowa. Tun 2003 gwamnatin Nijeriya ta janye hannunta daga ƙayyade farashin gas. A farkon 2022 ana sayar da lita ƙasa da Naira 300, kafin ƙarshen shekarar ta haura Naira 800, a 2024 kuma ta wuce Naira 1,000, duk da cewa a shekarar ce matatar Dangote da ke Legas ta fara fitar da gas (mai matatar, Aliko Dangote, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ne). Gero da dawa da gyaɗa da riɗin da ake ɗauka daga kudancin Jigawa zuwa Kano, da takin zamani da simintin da ake kawowa, duk a bayan manyan motoci suke tafiya, kuma kuɗin man yana cikin farashin kowane buhu.

Akwai kuma wanda abin ya fi shafa kai tsaye. A ɗauka wani ya sayi tirela bisa faɗar dillali cewa tana yin kilomita 5 da lita, ya ba direba lodin tafiyar kilomita 300, ya lissafa masa lita 60. Direba ya dawo ya ce lita 100 ta sha. In lita Naira 1,000 ce, giɓin Naira 40,000 ke nan a tafiya ɗaya. Mai mota zai ce an sayar masa da mai a hanya, direba ya rantse, yaron mota ya shiga zargi, wataƙila aiki ya ƙare a nan. Ana iya raba wannan gardama da alƙalami da takarda, da ilmin da bai wuce na ɗan aji huɗu na sakandare ba.

Injin ma ci yake yi

A wajen masanin halittu, injin mota da sa mai jan amalanke ba su da nisa da juna. Dukansu suna karɓar abu mai ɗauke da kabon da haidurojin, su haɗa shi da iskar oksijin, su fitar da iskar kabon-dayoksaid da ruwa da zafi, su sami ƙarfin motsi. Sa yana yin haka sannu a hankali a cikin ƙwayoyin halittar tsokarsa, injin kuwa yana yi da fashewa a kan fistin. Asalin ƙarfin ma ɗaya ne, domin harawar da sa ke ci hasken ranar bana ta adana, gas kuwa ragowar ƙananan halittun teku ne da suka adana hasken rana miliyoyin shekaru da suka wuce. Injiniyan Jamus Rudolf Diesel, wanda injin ya ci sunansa, ya kammala injinsa na farko mai aiki sosai a 1897, kuma a baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900 an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Abin da ake soya ƙosai da shi ya juya ƙarfe.

Masana na auna irin wannan ƙarfi da ma'aunin jul, jul miliyan ɗaya kuma shi ne megajul. Lita ɗaya ta gas tana ɗauke da kimanin megajul 36. Abincin da magidanci mai aiki ke buƙata a yini bai wuce megajul 10 zuwa 11 ba, watau lita ɗaya ta fi abincinsa na kwana uku. Litar gas ta fi ta fetur ƙarfi da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wannan kuwa ɗaya ne daga dalilan da suka sa ake cewa motar gas ba ta shan mai. Dalili na biyu shi ne injin dizal yana matse iska sau 15 zuwa 20 har ta yi zafin da za ta kunna man da kanta ba tare da filogi ba, matsi mai yawa kuwa yana ba da damar tatsar aiki mai yawa daga zafi.

Sai dai babu mai tatsa duka. Tsokar mutum ko ta dabba tana mayar da kashi 20 zuwa 25 ne kawai na ƙarfin abinci zuwa aiki, saura ya tafi a zafi, shi ya sa manomi ke gumi. Injin Diesel na 1897 ya tsaya a kashi 26. Injin tirela na zamani mai lafiya yana kai wa kashi 40 zuwa 45, manyan injunan jiragen ruwa, waɗanda suka fi kowane injin dizal iya tattali, sun ɗan haura kashi 50. Abin da ya rage yana fita ta salansa da lagireto. Lagireto gumin mota ne.

Lissafin tirela

Mota mai tafiya a miƙaƙƙiyar hanya da gudu ɗaya tana kokawa da abu biyu. Na farko turjiyar taya: taya tana lotsawa a inda ta taɓa ƙasa ta sake miƙewa, wannan lanƙwasa tana cin ƙarfi, shi ya sa taya ke zafi bayan tafiya. A kan kwalta mai kyau, turjiyar tayoyin babbar mota kimanin kashi 7 ce cikin 1,000 na nauyinta. Tirela mai nauyin tan 40, ita da kayanta, tana buƙatar ja daidai da ɗaga kilo 280. Na biyu turjiyar iska. Gaban tirela bango ne mai faɗin kusan murabba'in mita 10, a gudun kilomita 80 cikin awa iska tana tura shi baya da abin da ya kai nauyin kilo 210. Jimla kilo 490.

Ma'anar wannan ita ce, kowane kilomita ɗaya da tirelar ta ci, tamkar ta jawo guga mai nauyin kilo 490 ne daga rijiya mai zurfin kilomita ɗaya. Ɗalibi ya ninka 490 da 9.8 da 1,000, zai sami jul miliyan 4.8. In kashi 40 na ƙarfin man ne ke isa taya, ana buƙatar mai na megajul 12 kafin a sami wannan 4.8. Lita tana da 36. Saboda haka lita ɗaya kilomita 3 za ta kai, watau lita 33 a kilomita 100, kuma kusan haka ake samu a manyan titunan Turai inda babu rami ko ɗaya. Direban da ya ce lita 100 ya ƙona a kilomita 300 bai faɗi abin mamaki ba. Kafin wannan tirela ta yi kilomita 5 da lita, sai injinta ya mayar da kashi 67 na man zuwa aiki, ba a kuwa taɓa ƙera injin mota irin wannan ba.

Haka lissafin jif yake. Mai nauyin tan biyu da rabi a gudun kilomita 100 tana buƙatar ja na kimanin kilo 85, kuma da yake ƙaramin injin da ba a cika wa aiki ba bai cika wuce kashi 30 ba, iyakarta kimanin kilomita 13 da lita, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba tsayawa, ba na'urar sanyaya mota. A taka ta zuwa 130, ta sauko kilomita 9. Mai cewa tasa na yin 20 ko dai bai auna ba, ko kuwa yana neman mai saye.

Wannan duka lissafin hanyar da babu irinta ne tsakanin Gwaram da Kano. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, ita sau huɗu take ninkawa, daga 80 zuwa 100 kawai tana ƙaruwa da fiye da rabi. Lodi ma haka. In aka ɗora wa tirelar nan kaya har ta kai tan 60, abin da ba baƙo ba ne a hanyoyin ƙasar nan, turjiyar taya ta tashi daga kilo 280 zuwa 420, lita ta koma kilomita 2.3. In aka sauka daga kwalta aka shiga burji ko yashi, kamar hanyoyin ƙauyukan da ake ɗauko amfanin gona, turjiyar tana iya ninkawa sau da yawa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ma ƙara lotsawa take yi.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne birki. Tirela mai tan 40 a gudun kilomita 80 tana ɗauke da ƙarfin motsi na kusan megajul 10. In ta tsaya cik, duk wannan ya zama zafi a birki, ya bi iska. Kafin ta koma gudunta na da, sai ta ƙona kimanin kashi biyu cikin uku na lita. Mai karatu ya ƙirga shingayen bincike, da tudun rage gudu na cikin garuruwa, da ramukan da damina ke bari, da garken shanu masu tsallaka titi, daga Babaldu zuwa Wudil. Tsayawa goma lita bakwai ce, ba a ci ko taku ɗaya da ita ba. Injin da aka bari yana aiki a tsaye yayin da ake lodi shi ma yana shan lita 2 zuwa 3 a awa. Sai hawa: ɗaga tan 40 zuwa tsayin mita 100 yana cin kusan lita 3. Jos ta fi Kano tudu da kimanin mita 700, don haka direban da ya auna mansa a gangarowa daga Jos, da wanda ya auna a hawa, za su iya saɓawa da lita masu yawa alhali babu maƙaryaci a cikinsu.

Inda adadin takarda ke fitowa

Adadin da kamfani ke bugawa ba a kan hanya ake samunsa ba. A ɗakin gwaji ake ɗora tayoyin mota a kan gangunan ƙarfe masu juyawa, a tuƙa ta tana tsaye wuri ɗaya bisa tsarin da doka ta shimfiɗa. Tsohon gwajin ƙasashen Turai na minti 20 ne, nisan kilomita 11, matsakaicin gudu bai kai kilomita 34 a awa ba, na'urar sanyi a kashe, ba kaya, ba tudu. Kamfanoni suka ƙware wajen shirya mota domin cin wannan jarrabawa, kamar ɗalibin da ya haddace tambayoyin shekarun baya. Cibiyar bincike kan sufuri ta ICCT ta tattara bayanan masu motoci a Turai, ta gano cewa a 2001 abin da mota ke sha a hanya ya ɗara na takarda da ƙasa da kashi 10 cikin 100, amma zuwa 2015 giɓin ya kai kimanin kashi 40. A 2017 aka kawo sabon gwaji na minti 30 da kilomita 23, wanda ya rage giɓin bai kawar da shi ba. Yawancin motocin da ke shigowa ta Kwatano tsofaffi ne, adadin da ke takardunsu kuwa na lokacin da suke sababbi ne.

Wani lokaci abin ya wuce dabara ya zama ha'inci. A 2012 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano kamfanonin Hyundai da Kia sun ƙara gishiri a adadin motoci kimanin 900,000, a 2014 suka amince da tarar dala miliyan 100. A 2016 Mitsubishi ya amsa cewa ya murɗe alƙaluman ƙananan motoci 625,000 a Japan. Wanda ya fi kusa da manyan motoci shi ne na 1998, lokacin da gwamnatin Amurka ta kama kamfanoni bakwai masu ƙera injunan dizal, cikinsu har da Caterpillar da Cummins da Mack da Volvo, da sanya wa injuna kwamfutar da ke gane gwaji. A ɗakin gwaji injin ya rage hayaƙi mai guba, a kan babbar hanya ya sake shi domin ya rage shan mai. Irin wannan ce ta fallasa Volkswagen a 2015 a motocin dizal miliyan 11. Dalilin kuwa na kimiyya ne: zafin da ke sa injin dizal tattalin mai, shi ne kuma ke haɗa naitirojin da oksijin na iska su zama gubar da ke ƙona hanyoyin numfashi. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu. Yaron motar da ke kwana ƙarƙashin tirela injin na aiki ya kamata ya san wannan.

A Amurka ma doka ba ta tilasta manna adadin shan mai a jikin manyan a-kori-kura da nauyinsu da kaya ya haura fam 8,500 ba, watau kimanin tan 3.9. Inda babu adadin hukuma, sai faɗar masu mota ta cike gurbin, ɗan Adam kuwa tafiyar da ta fi yi masa daɗi yake tunawa. Ranar da iska ke bayansa, motar ba kaya, hanya ba kowa, ita ce za ta zama labari, sauran kwana ɗari a manta da su. Ga kuma rikicin ma'auni. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, na 'yan bumburutu kuwa yawanci lita 4 ake kiransa. Mil 30 a galan ɗin Ingila kilomita 10.6 ne a lita, a na Amurka kuwa 12.8. Adadi ɗaya, bambancin kashi 20, tun ba a tayar da mota ba.

Masu sayar da maganaɗisun da ake ɗaura wa bututun mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, a wannan duhu suke cin kasuwarsu. Hukumar muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan kayayyaki fiye da 100, ba ta sami wanda ya rage shan mai ragi na a zo a gani ba. Lissafin da ya gabata ya nuna dalili: lafiyayyen injin dizal yana ƙone kusan duk man da aka ba shi, asarar a zafi take, maganaɗisu kuwa ba ya hana lagireto zafi. Wata dabarar ta fi wannan muni, ita ce cire giya a gangara a saki mota ta tafi da kanta. A injunan zamani, in mota na cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta tana yanke mai gaba ɗaya, don haka babu abin da aka tsira da shi. A kowace irin mota kuwa, cire giya yana ɗora wa birki shi kaɗai nauyin tan 40, birkin da ya yi zafi kuma ba ya kamawa.

Giwa da ɓera

Kada a ɗauka daga nan cewa tirela ce mai almubazzaranci. A 1932 masanin halittu Max Kleiber ya nuna cewa babbar dabba ta fi ƙarama ci, amma in aka raba abincin da nauyin jiki, ƙaramar ce mai haɗama: kowane giram na jikin ɓera yana ƙona abinci fiye da giram na jikin giwa ninki goma da ɗoriya. Dalilan ba ɗaya ba ne da na mota, amma sakamakon ya yi kama. Tirelar da ke ɗauke da kaya tan 26 tana shan lita 33 a kilomita 100, kowane buhu mai kilo 100 ya ci kimanin kashi ɗaya cikin takwas na lita. A-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya da lita 10, kowane buhu lita guda ya ci, ninki takwas ke nan. Jif mai shan lita 10 ɗin nan da mutum ɗaya a ciki, ta kashe wa mutum guda abin da tirela za ta kai buhu kusan 80 da shi. A zanen shanun da mutanen da suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu ana ganin dabbar da ta riga injin ɗaukar nauyin mutane a wannan ƙasa, har yau kuma amalanke ce ke fito da buhu daga gona zuwa bakin titi, inda tirela ba ta shiga.

Yadda ake aunawa

Allurar tanki ba ma'auni ba ce, adadin da kwamfutar gaban mota ke nunawa kuma ƙiyasi ne wanda sau da yawa yakan karkata wajen daɗaɗa wa mai mota. Hanyar da ta inganta ita ce a cika tanki fal a wuri mai daidaito, a jira kumfa ta kwanta domin gas yana kumfa, a rubuta adadin da mitar nisa ta nuna. Duk man da aka ƙara a hanya a rubuta. A ƙarshe a sake cika tanki a famfon da aka fara, a tara litocin, a raba nisan da su. Awo ɗaya ba hujja ba ne, kamar yadda tsiro ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kan iri. Sai an maimaita sau biyar ko fiye, zuwa da dawowa, tare da rubuta nauyin kaya. Ita kanta mitar a gwada ta da nisan da aka sani, domin in an sa wa mota tayar da ta fi tata ta asali girma, mita za ta riƙa rage nisa, in ƙarama ce ta ƙara. Wannan aiki ne da malamin kimiyya zai iya ba 'yan ajinsa na zango guda, da motar makaranta ko ta wani mahaifi da ya yarda, su zana sakamakon a jadawali.

Mai tirelar da ya yi haka ya sami tsakanin kilomita 2 da 3 a lita da cikakken lodi, motarsa ce ta sha man. In kuwa adadin da aka saba gani ya faɗi farat ɗaya, akwai wuraren dubawa kafin a kira direba: iskar taya, birkin da ke riƙewa, nozul da ya lalace yana zubar da mai maimakon fesawa, matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe, wadda a tsofaffin injuna ke bayyana da baƙin hayaƙi, da kuma gas ɗin da aka gauraya da kananzir, wanda ƙarfinsa bai kai ba kuma yana cinye famfon mai.